Tsawon Babin da Nake Aika wa Yaya

Na yi shekara shida ina koyarwa a wata firamare ta wajen Kahu, ina kwana a ɗakin haya a cikin garin Kibiya, kuma a duk tsawon zaman nan babu tambayar da ta ci mini tuwo a ƙwarya irin ta shafi nawa ya kamata babi ɗaya ya ci. Mai jin haka sai ya ɗauka wata babbar marubuciya ce ke magana. Ina fa. Mai bin labarina mutum ɗaya ce tal, ita ma ba da idonta take karantawa ba.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, tana Rano a gidan da mijinta ya mutu ya bar ta. Ciwon sukari ne ya riƙa janye mata gani a hankali. Da fari zura zare a allura ne ya gagare ta, daga baya fuskokin mutane suka haɗe mata, har ta kai sai da lalube take gane ƙofar ɗakinta. 'Ya'yanta mata biyu aure ya kai su nesa. Ƙanin mijinta da iyalinsa suna ɗaya sashen gidan, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, abincinta bai taɓa makara ba. Sai dai mai kawo kwano ajiyewa take yi ta juya. Yaya takan wuni a kan tabarma a gindin bango, in rana ta cim mata ta ja tabarmar ta bi inuwa.

Ni ma ba wani cika ke gare ni ba. Aurena ya mutu tun da daɗewa, ban haihu ba, kuma an yi mini shaidar saurin fushi tun ina yarinya, abin da ba ya tara wa mutum ƙawaye. In na taso daga makaranta na dafa ɗan abin da zan ci, shi ke nan, sai in zauna ina jin hirar matan gidan da nake haya ta bayan taga. Suna gaishe ni da ladabi, malama an dawo, malama sannu da aiki, amma ba a taɓa cewa malama fito a taɓa hira ba. Na kan yi kwana biyu ban yi magana da babban mutum ba in ban da gaisuwa.

Shekarun nan ne da mulki ya dawo hannun farar hula aka kuma ƙaddamar da Shari'a. An sa wa gidajen kallo ido, sai kallo ya koma ɗakunan mata, kowa da ɗan bidiyonta a kan kwaba an lulluɓe shi da kyalle. Lokacin idon Yaya da sauran gani, muka kalli wani fim ni da ita har kaset ɗin ya fara ja. Labarin wata ungozoma ne da aka yi wa ƙage aka kore ta daga garinsu. Kashi na biyu ya ƙare tana zaune a bayan motar kaya da ƙullinta a cinya, sai aka rubuta a haɗu a kashi na uku. Kashi na ukun bai taɓa fitowa ba. Wasu suka ce 'yan wasan ne suka ɓata, wasu suka ce takurar da aka yi wa harkar ce. Duk ƙarshen wata in na zo gida, bayan gaisuwa tambayar Yaya ta farko ita ce, "Ya fito?" Ko bayan idon ya tafi gaba ɗaya ba ta daina ba. Ta ce ko ba ta gani ai tana ji.

Wani dogon hutu da na yi a wajenta tambayar ta ishe ni, na ce, "Yaya, tunda sun ƙi, ni zan ƙarasa miki." Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, na ɗauko ungozomar daga bayan motar na sauke ta a wani garin da ba wanda ya san ta. Da hantsi in rubuta, bayan la'asar in karanta mata. Ashe abin da ta daɗe tana jira ke nan. Takan tsayar da ni a tsakiyar jimla.

"Wace ungozoma ce za ta shiga ɗakin mai naƙuda ba ta wanke hannu ba? Ke da ba ki taɓa shiga ba, ki riƙa tambaya."

In ji haushi, in soke, in gyara. A hutun nan ban taɓa ƙirga shafi ba. In na gaji na tsaya, in ta gaji ta ce a bari sai gobe.

Da hutu ya ƙare sai maganar wanda zai riƙa karanta mata ta taso. Mutum ɗaya ne ke bin hanyar Kibiya da Rano kowane mako, ɗanta na fari. Direban bas ne, yana zaune a birni da matarsa da 'ya'yansa. Duk ranar kasuwar Kibiya yakan kawo 'yan kasuwa da safe, da yamma ya kwaso su da buhunansu, ya tsaya a tashar Rano ɗan kamasho ya cike masa sauran kujeru. A ɗan tsakanin nan yake leƙa gida.

Ɗan fari ne, kuma Yaya mutuniyar da ce a wajen alkunya. Tun da aka yaye shi aka kai shi wajen mahaifiyarmu, a ɗaki ɗaya muka tashi ni da shi, shekara uku kacal na ba shi. Har ya yi furfura a gemu Yaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa cewa zo ka zauna kusa da ni ba. In za ta ambace shi sai ta ce "direban nan" ko "mutumin naki". Shi ma Yaya yake ce mata, don a bakina ya ji. Zuwansa kuwa na san shi kamar karatun Fatiha. Ya yi sallama, ya tsuguna daga nesa, ya ajiye ledar magani da ta cefane, ya ce, "Ba wata matsala ko?" Ta ce, "Babu." Ya ce, "To, sai wani satin." Duka-duka bai kai a tafasa ruwan shayi ba.

Ranar da na kai masa babi na farko a tashar Kibiya, ya juya takardun ya dube ni.

"Anti, ni da gemuna zan zauna ina karanta labarin ungozoma?"

"Da gemun naka. Gemu ke karatu ko baki?"

Ya yi dariya ya cusa a aljihu. Shafi shida ne, na yago su daga tsakiyar littafi na ɗinke da zare.

A mako na uku na bi shi Rano, don ina da kwana biyu ba makaranta. A ranar na ga yadda ake karatun. Ya kifa turmi a gefen tabarma ya zauna a karkace, yana fuskantar zaure. Yaya ta juya fuskarta wajen bango kamar ba da ita ake ba. Karatun nasa ba daɗi, yana tuntuɓe a kan kalmomi, yana karanta maganar mace da muryar kiran fasinja. Amma yana zaune. Wajen minti ashirin yana zaune a inda take jin numfashinsa. Da ya kai wani wuri ta ce, "Allah wadaran mutumin nan," shi kuma ya ce, "Ai mugu ne, bari ki ji abin da ya yi gaba." Tsawon rayuwata ban taɓa jin sun yi wata magana da ba ta lafiya ko ta cefane ba sai ranar.

Bayan ya tafi na matsa kusa da Yaya. Can ta ce, "Babin nan ya yi gajere."

"Shafi shida fa, Yaya. Kwana huɗu na yi ina rubuta shi."

"Ban ce ba daɗi ba. Cewa na yi ya yi gajere."

A nan na gane abin da nake aikowa. Bakinta ba zai iya ce wa ɗanta ya zauna ba, shi ma bai san yadda ake zama da ita haka kawai ba. Iya tsawon babina, iya zamansa. Tausayinta ya kama ni har na kasa cin tuwon da aka kawo mana. Na koma Kibiya da nauyin da ban tafi da shi ba.

Daga nan aka sa ni a tsakiya. In na ƙara shafi, direba ya yi ƙorafi, ya ce ɗan kamasho na yi masa tsiya, fasinja na sauka suna shiga wata motar. In na rage, Yaya ta aiko a ce mini in ƙara. Abin dariyar shi ne ba ta da ɗan aike sai shi. Sai ya zo ya tsaya a gabana fuska a murtuke ya ce, "Wai ta ce ki ƙara tsawo." Bai taɓa ɓoye saƙon ba, wannan kam na shaide shi.

Na ɗauki abin da gaske fiye da yadda na ɗauki jadawalin darasi. Na aro agogon bango na ofishin hedimasta a wani ƙarshen mako, na zauna ina karanta rubutuna a hankali, ina tuntuɓe da gangan irin nasa, don in san minti nawa shafi ɗaya ke ci a bakinsa. Na gwada takwas, ya yi shiru. Na gwada goma sha biyu, ya ce Anti ki ji tsoron Allah. Na koma takwas amma na ƙanƙance rubutuna, na matse layi, na cinye gefen takarda, har shafi takwas ya ɗauki kayan sha biyu. Mako biyu dabarar ta yi kafin ya ɗago ni.

"Anti, tururuwa kika ɗauka aiki take miki rubutu? Idona har ruwa yake."

Na koyi inda ake yanke babi. In na yanke a inda hankali ya tashi, shi kansa yana son jin ci gaba, mako mai zuwa da kansa yake miƙo hannu. In na yanke a inda komai ya lafa, sai ya karɓa kamar an ba shi kayan wani. Na lura kuma in akwai gardama a cikin babin, wadda mutum zai ce wane ne da gaskiya wani ya ce a'a, sukan ɗan ja maganar bayan an gama, ya ƙara minti biyu ko uku a kan turmin. Sai na riƙa dasa musu gardama da gangan. A ƙarshe muka daidaita a shafi tara, ba tare da kowa ya ce an daidaita ba. Mun yi wata bakwai a haka, kuma da na tsaya a nan da ban yi abin da nake nadama ba.

Sai dai ba don Yaya kaɗai nake rubutun ba, ko da yake haka nake gaya wa kaina. Da yamma in matan gida suna hirarsu ni ma ina da mutanena a cikin littafi, suna jira in buɗe musu baki. Ungozomar nan ta zama abokiyar zamana. In na kai shafi na tara na ajiye biro, ɗakin sai ya dawo yadda yake, katifa da risho da bokiti. Na fara jin haushin taran. Na fara ganin labarina ya fi ƙarfin a riƙa auna shi da cikar motar haya.

Da damina ta yi tsakiya na kai wurin da ungozoma ta koma garinsu a ɓoye, don matar da ta yi mata ƙagen tana kwance ba lafiya ta aika a nemo ta. Na rubuta mutuwar matar nan ina kuka, ruwa na zuba a kan kwano, ba wanda ya san ina yi. Babin ya tashi shafi ashirin da biyu. Na duba inda zan raba shi biyu na ga ko'ina na yanka zai yi jini. Na ce a raina, ai Yaya ma dogo take so, sau ɗaya dai ya yi haƙuri. Da na miƙa masa ya auna shi a tafin hannu, ya dube ni, ya cusa a aljihu.

Ƙarshen watan na je gida ina ɗokin jin abin da za ta ce. Muna zaune ina tsince mata shinkafa ta ce, "Wai yaushe matar nan ta mutu? Na ji ana ta zaman makoki, ban ji mutuwar ba."

Na ajiye faranti. Mutuwar tana daga shafi na tara zuwa na sha biyar. Na shiga ɗaki na ɗauko takardun daga ƙarƙashin matashinta inda take tara su, na ga shafukan tsakiyar ko lanƙwasa ba su yi ba.

"Tsallakewa ya yi," na ce.

"Na sani. Na ji ƙarar takarda da yawa lokaci ɗaya." Ta lalubo hannuna. "Ki bar maganar nan. Ya zauna, ai ya zauna. Kin ji ko? Ki bar ta."

Na ce na ji. Ban bari ba. Kwana uku ina dafa abin a raina, kuma in faɗi gaskiya ba Yaya nake taya fushi ba. Shafukan da na yi wa kuka nake tayawa.

Ranar kasuwa na same shi a tasha yana ɗaure buhunan masara a saman mota. 'Yan kasuwa na tsaye, ɗan kamasho na tsaye, masu sayar da rake na tsaye. Ban ko amsa gaisuwarsa ba. Na ce masa ya ji kunya. Na ce matar da ta haife shi, makauniya, ita ya ga ya dace ya yi wa ha'inci don ba ta ganin takarda. Na ce in karatun ya fi ƙarfinsa ya faɗa, ba sai ya yi sata ba. Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Mutum mai 'ya'ya biyar, a gaban abokan sana'arsa. Ya sauko daga saman motar, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "To, Anti. Allah ya ba ki haƙuri." Ya karɓi babin makon ya shiga mota.

Mako na gaba ya zo da 'yar leda. Waya ce ƙarama a ciki, irin mai memori da aka fara yayi a lokacin. Ya nuna mini inda zan danna in ɗauki muryata, da yadda ake ciro memorin. Ya ce ya saya wa Yaya irinta.

"Ki karanta da bakinki, ko shafi ɗari ne. Ni in kai mata in sa mata. Ba mai tsallake miki komai."

Ba da fushi ya faɗa ba, da ladabi ya faɗa, kuma ladabin ya fi zafi. Ya kamata a take in mayar masa da ledarsa. Amma da na koma ɗaki na gwada, na ji muryata tana fitowa tar, ba tuntuɓe, kowace jimla da nauyin da na ba ta, sai daɗi ya rufe ni. Na ce wa kaina ai in ya sa mata zai zauna su ji tare. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma na karɓa.

Babin mutuwar nan na fara ɗauka na aika. Daga nan babi ya kumbura. Ashirin, ashirin da biyar, talatin. Ranar Asabar da hantsi in rufe ƙofa in zauna ina yi wa waya magana, ina sauya murya, nan mace nan namiji. Matar mai gidan har ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta ce ko malama ta yi baƙi ne a kawo ruwa. Na ce ba kowa. A tasha kuwa ni da direba muka koma musayar memori, in ba shi sabo ya ba ni na makon jiya, mu gaisa mu rabu. Bai sake kawo mini saƙon a ƙara ko a rage ba. Ƙarshen watan farko ban je gida ba, na ce aikin jarrabawa ya riƙe ni. Tsoron abin da zan tarar ne ya riƙe ni.

Sai a wata na biyu na je, ranar Asabar, ban gaya wa kowa ba. Tun daga zaure na ji muryata. Abin ya ba ni tsoro, in ji kaina ina magana a cikin gidan da ban riga na shiga ba. Na leƙa. Yaya na zaune a gindin bango ita kaɗai, wayar na kan tabarma nesa da ita kaɗan tana ta zuba, ita kuma tana murza bakin zaninta. Ba sauraro take ba. Na san fuskarta in tana sauraro, takan karkata kai ta ɗan buɗe baki. Turmin yana can bakin madafi an mayar da shi wajen aikinsa.

Na yi sallama, na kashe wayar, na zauna.

"Yana zuwa?"

"Yana zuwa. Ya sa mini sabon, ya ɗora yatsana a inda zan danna."

"Yana zama?"

"Fasinja na jiransa," ta ce. "Kin san harkar mota."

Ba ta ce ai na gaya miki ba. Da ta faɗa da na sami abin yin musu da shi. Sai ma ta ƙara da cewa muryata ta fi daɗin ji, ba na in'ina, kuma yanzu ta ji mutuwar matar nan har sau huɗu, ta yi kyau. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka, ita ke ba ni haƙuri. Abu ɗaya take da shi a mako, na karɓe mata don a ji daɗin jimlolina.

Da na natsu na ce, "Zan koma takarda, Yaya. Shafi nawa kike so?"

Ta saki bakin zanin da take murzawa. Sannan ta ce, "Wanda ba zai ji nauyinsa ba."

Ban taɓa shan wuyar rubutu irin ta makon nan ba. Ina da kayan shafi talatin a kaina, na zauna ina zubarwa. Na cire ruwan sama, na cire tunanin ungozoma, na cire wata doguwar magana da na yi kwana biyu ina gogewa. Na bar abu ɗaya, ungozoma ta tsaya a ƙofar gidan ƙaninta tana shawarar ta yi sallama ko ta wuce. Na rubuta shi da manyan haruffa a falle ɗaya, gaba da baya. Da na gama na dube shi na ji kamar ba ni na rubuta ba, kuma na san daga ranar sauran labarin a cikina zai riƙa zama, ba mai jin sa.

Ranar kasuwa na jira har mutane suka ragu a gefen motarsa. Na ce, "Na yi maka ba daidai ba ran nan. Ka yafe mini." Ya ce ba komai, ya wuce. Na miƙa masa ledar wayar, sannan na miƙa masa fallen. Ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyawa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba. Ya tsaya da takardar a hannu, ina ganin yana shawara. Zai iya cewa a ci gaba da waya, kuma ba ni da bakin cewa komai. Ya ninke ta biyu ya sa a aljihun gaba. Na ce ina da saƙo a Rano, na shiga baya na zauna tsakanin wata mai daddawa da buhun barkono. Har muka isa bai dube ni ta madubi ba.

A gida na gaida Yaya na wuce madafi, na ce zan ɗora mata ruwan zafi. Daga nan ina hango su ta ƙofa. Ya tsuguna daga nesa kamar yadda ya saba, ya ajiye ledar magani, ya ce ba wata matsala ko, ta ce babu. Sannan ya zaro takardar ya ce, "Anti ta ba da babi." Yaya ta juya fuskarta wajen bango.

A tsugune ya karanta, bai nemi abin zama ba. Muryar nan dai ta kiran fasinja, tuntuɓen nan dai. Na ƙirga a raina, bai kai minti shida ba. Ya kai inda ungozoma ta ɗaga hannu za ta taɓa ƙyaure, ya juya takardar ya ga ba saura.

"Ya ƙare," ya ce, ya dafa gwiwa zai tashi.

"Kajin nan sun cika mini kunne," in ji Yaya, tana fuskantar bango. "Ban ji farkon ba. Koma daga sama."

Ba kaza ko ɗaya a tsakar gidan. Ya dubi zaure, ya dubi takardar. Daga can tasha ana jin wata mota na danna oda. Ya gyara tsugunonsa, ya zauna sosai a ƙasa, ya naɗe ƙafa, ya koma layin farko. Ni kuwa ina tsaye a madafi da ashana a hannu, ban kunna wutar ba, kuma ba wanda ya waiwayo ya nemi ruwan zafin.